Mode Magini da Ɗakin Sista Justina

Allah ya jiƙan Mode na Kwargaba, ya yalwata masa kabari fiye da duk ɗakin da ya taɓa ginawa. Ni Sale kafinta na bi shi shekara goma sha tara ina ɗora rufi a kan bangon da ya tayar, kuma a tsawon wannan zama ba a taɓa kiran ɗayanmu a ce ya dawo ya gyara aikinsa ba. Saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba jita-jita ba ce.

Mahaifinsa maginin ƙasa ne, shi kuma ya tashi ƙafafunsa cikin kwaɓi. Da aka soma aikin madatsar ruwa ta Goronyo sai ya tafi lebura, a can ya koyi siminti da ɗaurin rodi. Daga nan ya yi shekara biyu wurin wani ɗan kwangila a birni, inda ya ga abin da bai daina ba da labarinsa ba har ya tsufa. Ya ga buhunan siminti sun daskare a sito tun ba a buɗe su ba, ya ga katako ya kwana wata uku a rana har ya karkace, ya ga magini ya gama bango ya yi yaɓe, sannan mai famfo ya zo da guduma ya fasa. Yakan ce duk gwanaye ne, sai dai babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa zai yi gobe.

Ya dawo gida da ƙa'idoji biyu. Ta farko, ba a sara harsashi sai duk wanda hannunsa zai taɓa ginin, da wanda zai zauna a ciki, sun zauna a tabarma ɗaya. Sai ya zana ɗakin da toka a ƙasa, daidai girman da zai kasance, kowa ya shiga ya zaga ya faɗi abin da ya gani. Ta biyu, ba a kawo kaya wurin aiki sai gurbinsu ya samu. Tubalin aikin kwana uku kawai ake bugawa, katako kuwa ba ya isowa sai bango ya kai inda zai ɗauke shi, don kada gara ko rana ko mai dogon hannu su riga mu. Mutane sun yi masa dariya da fari. Daga baya, tun daga Wurno har Rabah, wanda ya gina shago ko rumbun albasa da Mode ya san ba za a bar masa ko ɓarin tubali a ƙofar gida ba.

Shekara huɗu bayan an gama madatsar, aka kira mu Tungar Yusha'u, wani ƙauye a ƙetaren gulbi daura da Taloka. An turo musu ma'aikaciyar jinya, Sista Justina, mutuniyar Filato, wadda ta iya karɓar haihuwa. A zauren maigari take duba mata, wurin kuwa bai dace ba. Hukuma ta ce in ƙauyen ya samar da ɗaki mai rufi kafin mai dubawa ya zo ƙarshen wata, za a bar musu ita. In bai samu ba, akwai garuruwan da ke jiranta. Damina ta riga ta faɗi, sai dai ruwan bai yi ƙarfi ba tukuna.

Ranar zanen toka, Inno, tsohuwar ungozomar ƙauyen, ta tsaya a bakin abin da Mode ya kira ƙofa, ta riƙe ƙugu.

"Kai Mode, wagga ai ƙohwar akurki ta. Mai naƙuda mutum biyu ka riƙo ta."

"To Inna, shigo ki gwada muna, mu gani."

Ta kama Sista da hannun dama, ta kama wata mata da na hagu, ta shiga nishi tana jan ƙafa kamar mai shirin haihuwa, alhali ta haura saba'in. Su ukun suka tattake tokar gefe da gefe. Har maigari Alhaji Yusha'u sai da ya rufe baki da hannun riga. Mode ya share layin da tafin ƙafa, ya ƙara faɗin ƙofar da taki guda.

Sista ta ce, "Baba Mode, taga ta koma gabas, ina son hasken safe. Kuma a yi mini wurin wanke hannu kusa da ƙofa."

"An yi, ɗiyata. Gara ki hwaɗi yanzu, toka ba ta da wuyar tashi."

Aiki ya tafi yadda ya saba tafiya. Kowace safiya muna zama kafin a taɓa cebur, kowa ya faɗi abin da zai gama kafin la'asar da abin da ke iya tare shi. A mako na uku bango ya kusa kai saman taga, muka zauna don a tsayar da ranar rufi. Kwano da katako suna ajiye a wani sito a Taloka. Na ce ranar Alhamis amalanke ta ƙetaro da su ta mashigi, Jumma'a in soma ɗora katako. Kowa ya yarda.

Muna cikin haka sai Mainasara masunci, wanda ke fiton mutane in gulbi ya cika, ya biyo ta wurin da koma a kafaɗa. Ya yi sallama, ya tsaya a bakin tabarma.

"Malam Mode, da ni na, da yau na ƙetaro da kwanon ga."

"Don mi?"

"Ruwan gulbi ya sake launi. Tun jiya ja shike, shina ɗauke da kara da itace."

Mode ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce, "Ko noman maimai ba a yi ba. Tun zamanin tsohona gulbi bai cika sai gero ya yi ciki."

"Wancan gulbin tsohonka na. Wanga shina da ƙohwa, kuma ba ni ka riƙon makulli ba."

A nan ne na sa baki, kuma ba zan ɓoye ba. Na ce, "Mainasara, gini aka yi nan, ba kamun kifi ba. Ranar da munka so tarwaɗa mu aiko maka." Aka fashe da dariya. Mode bai yi dariya ba, amma bai ce masa ya zauna ba. A wurinsa tabarmar ta masu hannu a ginin ce, masunci kuwa ba ya kwaɓi, ba ya buga ƙusa. Mainasara ya gyara komarsa, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya wuce.

An yi ruwa mai yawa can sama inda ba mu gani ba, madatsa ta cika, dole aka buɗe ƙofofinta don a sassauta mata. Ranar Laraba da hantsi mashigin ya ɓace. Abin da ya fi muni, ruwan ya bazu cikin fadamar da ke tsakaninmu da gulbi. Ya fi ƙarfin amalanke, bai kuma kai zurfin da jirgi mai kaya zai bi ba. Bangonmu na tubalin ƙasa ya kai inda ake so, yana tsaye ba hula.

A rana ta huɗu da cikar gulbin Mode ya ɗebi mutum goma sha biyu muka ratsa fadama, ruwa iya ƙirji a wani wurin. Mainasara ne ya ƙetare da mu a jirginsa, ya kuma dawo da mu, bai ce uffan ba game da abin da ya wuce. Da ya yi mana gori, da ya fi mana sauƙi. Kwano takwas muka iya ɗaukowa a ka, iska ta lanƙwasa uku, katako kuwa ko ɗaya. Muka rufe kan bangon da zana da tabarmi. Matan ƙauyen suka kwaso tabarmin ɗakunansu, Sista ta kawo ledar da take shimfiɗa wa masu haihuwa.

A rana ta bakwai, bayan azahar, hadari ya taso daga gabas da iska. Ta yaye zanar kamar ana yaye mayafi. Muna tsaye a zauren maigari muna kallo, ruwa na dukan bangon, jar ƙasa na gangarowa. Kafin la'asar bangon gabas ya durƙusa, ya ja na kudu. Mode ya fita cikin ruwan ya tsaya a tsakiyar ɗakin, sai da mutum biyu suka janyo shi.

Da hanya ta buɗe mai dubawa ya zo. Mutumin kirki ne, ya jajanta mana, ya rubuta abin da ya gani. Bayan mako biyu takarda ta iso, an mayar da Sista Justina wani gari a ƙasar Rabah. Ranar tafiyarta ta sami Mode yana tsince tubalin da bai narke ba.

"Baba, ruwan Allah ne. Ba laifinka ba ne."

"Ɗiyata, kada ki ɗauke min shi. An hwaɗa min, ina zaune, mai hwaɗin shina tsaye."

Da yamma ya tafi gidan Mainasara ya roƙi gafara. Ni sai bayan kwana uku na iya zuwa. Tun daga lokacin, duk inda muka je aiki, kafin a zuba toka sai Mode ya tambayi mai amalanke da mai fito da mai kawo ruwa, ya matsa musu wuri kusa da shi.

Da rani ya koma Tungar Yusha'u ba wanda ya kira shi. Ya sake tayar da ɗakin a kan harsashin farko, da faɗin ƙofar da Inno ta nema, na rufa shi cikin kwana biyu. Ban taɓa ɗora rufi a kan bango mai kyau kamarsa ba. Takarda uku muka aika ana roƙon a turo wata ma'aikaciya, ni na rubuta su da hannuna, domin a shekarar ne na gama ajin yaƙi da jahilci. Amsa ɗaya ta zo, cewa ma'aikata sun yi ƙaranci, a yi haƙuri. Matan ƙauyen suka koma yadda suke. Wadda haihuwa ta yi wa gardama sai a ɗauke ta zuwa Goronyo, a babur in rani ne, a jirgin Mainasara in damina ce. Waɗansu sun dawo da jariri a hannu. Waɗansu kuwa dawowa da su aka yi.

Mode ya riƙe makullin ɗakin shekara shida. Kowace kaka yakan je ya share, ya shafa farar ƙasa, ya duba ko gara ta taɓa katako. Maigari ya aiko sau biyu yana neman aron ɗakin, ya ƙi. Sai da ciwon ƙafa ya kwantar da shi a Kwargaba sannan ya miƙo mini makullin, ya ce in kai wa Alhaji Yusha'u, a ajiye wa wadda za a turo.

Na je gaishe shi kwana tara kafin rasuwarsa. Yana kwance a inuwar bangon gidansa, ya rame ƙwarai, amma hankalinsa na nan. Muka yi hirar ayyukan da, har ya tuna mini wata ƙofa da na taɓa ratayawa a juye ina saurayi. Da na tashi tafiya sai ya kama bakin rigata.

"Sale, ka biya ta Tunga kwanan ga?"

"Na biya, Malam."

"An kawo Sista?"

Na yi niyyar in ce ana sa rai. Amma shekara goma sha tara muna zama kowace safiya, ba mu taɓa ce wa juna an gama abin da ba a gama ba. Na ce, "Ba a kawo ba. Albasa ce ciki."

Sannan ya tambaye ni ko rufin na yoyo. Na ce ba ya yi. Ya saki rigata, ya juya fuskarsa wajen bango.