Hamad Kilegi Ya Kai Gaisuwa

A unguwar Faisal ta Alƙahira, in ka ce Hamad za a tambaye ka wanne. In ka ce Kilegi kuwa, ko direban bas zai nuna maka benensu.

Sunan gado ne. Kakansa kuku ne a gidan wani Baturen auduga a Jazira ta Sudan, mai suna Clegg. Aka riƙa ce masa Audu na Kilegi, har "na" ɗin ta faɗi a hanya. Da yaƙi ya koro Hamad zuwa Alƙahira, abin da ya tsira da shi 'yarsa Sulafa ce da wannan suna. Ya samu aikin shayi a wani ofis a unguwar Dokki, da shi suke ci.

A wurin Hamad, wanda kakanka ya yi wa barantaka har ya ɗauki sunansa, nauyinka na wuyan zuriyarsa. Ya tabbata ranar da zuriyar Clegg suka gan shi, Sulafa ta tafi karatu Ingila.

Rannan sai ga wani Bature ya zo taro a ofishin, ana ce masa Mista Clegg. Washegari Hamad ya sha farar jallabiya, ya riƙo Sulafa, ya ɗauko ƙunshin agashe, tsiren nan na Sudan. Ana tsakiyar taro ya tuɓe takalmi ya shiga, ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, barorin gida sun iso. Ga amanarku."

Manaja Muhannad ya fassara yana cizon leɓe. Baturen ya yi dariya, ba ta mugunta ba. Ya ce kakansa ko teku bai taɓa gani ba, masu sunan kuma sun cika arewacin ƙasarsu. Don ya sassauta, ya ƙara da cewa a ƙauyensu haka ma ake kiran ƙudan nan mai cizon shanu.

"Me ya ce?" in ji Hamad, yana durƙushe.

"Ya ce kai ƙuda ne, ya Hajj. Yalla, tashi."

Baturen ya ɗauki hoto da shi. Ma'aikata suka cinye agashen, har suna yaba yajin. Da baƙo ya fita, Muhannad ya karɓe makullin kicin.

"Ma'alish, sai haƙuri. Ka ba mu kunya. Khalas, shi ke nan, dangin nan naka su ba ka aiki."

Yanzu a bakin titin Faisal yake dafa shayi. Labari ya riga shi isowa. Samari na wucewa suna "zzz", suna kore iska da hannu. Shi kuwa sai ya tambaye su sukari nawa.

Jiya Sulafa ta kawo masa ruwa a jarka. Wata mai shan shayi ta ce, "Ke ce 'yar Kilegi?"

"Sulafa Hamad," in ji ta, ba ta dubi uban ba.

Hamad ya sunkuya yana hura gawayin da ya riga ya kama.