Ɗan Aro a Kan Benci

Ɗan yayana ne, amma a hannuna ya girma. Uwarsa ta rasu yana rarrafe, ni na goya shi har ƙafarsa ta yi ƙwari. Tun yana ƙarami ba shi da hayaniya. Idan rediyo ya mutu a gidanmu, sai ka tarar da shi a bayan ƙofa ya zazzage masa hanji, kafin ka gama faɗa rediyon ya fara magana.

Da ya gama karatun kwamfuta wani kamfani ya ɗauke shi. Na tambaye shi me suke sayarwa.

Ya ce, "Gwaggo, ba ma sayar da komai. Idan na'urorin wani banki ko asibiti suka rikice, sai a tura mu can mu zauna har su daidaita."

Na ce, "Wato aronku ake bayarwa, kamar babbar tukunyar maƙwabta."

Daga ranar nake kiransa Ɗan Aro, yana amsawa yana dariya.

Sunan kuwa ya bi shi. Shekara da shekaru yana gidan wasu. Wani banki ne ya fi riƙe shi, domin duk sanda aka ce za a canza shi sai su ce a'a, shi suke so. Amma a bankin katin baƙo ne rataye a wuyansa, in suna walimar ma'aikata sai ya zauna gadin kwamfuta. A kamfaninsu kuma in ana wani taron shaƙatawa yana can bakin aiki. Ya yi aure, matarsa ta haifi 'ya mace, duk yana wannan zirga-zirgar.

Da gwiwoyina suka ƙi zaman kasuwa, shi ya yi mini hanya na zama mai dafa shayi a kamfanin nasu. A nan na ga abin da idona bai taɓa gani ba. Ofis ne a saman dogon bene, bangonsa duk gilashi, kana susa ana kallonka. Babu wanda yake da teburinsa, wanda ya riga zuwa shi ke zaɓa, in ya tashi ya kwashe komatsansa. An hana cewa "ranka ya daɗe". Babban manaja, mai furfura a gemu, yara 'yan jiya sai su kira sunansa gatsau, yana washe baki. A bangon shiga akwai wani babban rubutu, aka karanta mini shi: wai mu duka dangi ɗaya ne. Na ce to madalla, ni dai ban taɓa ganin dangin da sai ka goga kati ƙofa take buɗe maka ba. Kusa da ƙofar kuma akwai maɓallai masu hoton fuska, kore mai dariya, ja mai ɓacin rai, kowa ya latsa yadda zuciyarsa take kafin ya fita. Ban taɓa ganin wanda ya latsa ja ba sai mai shara, ita ma da tsintsiya, bisa kuskure.

Sai kwangilar bankin ta ƙare, Ɗan Aro ya dawo kamfaninsu, aka ce yana kan benci.

Ni da na ji benci na ɗauka katako ne. Ashe wani ɗaki ne a ƙarshen baranda, da kujeru masu laushi kala-kala da teburin wasan ƙwallo. Duk wanda ba shi da aikin da aka tura shi, nan yake zama. Albashinsa yana tafiya, amma kowa ya san ba a daɗewa a ɗakin. Ko wani manaja ya zaɓe ka cikin sabon aiki, ko a sallame ka. Manajoji kuwa waɗanda suka sani suke zaɓa, waɗanda suke buga ƙwallon tebur da su, suke yi musu dariya tun kafin su gama ba da labari.

Ya same ni a kicin ina ɗauraye kofuna. Ya ce, "Gwaggo, don Allah kada maman yarinya ta ji. Kwana kaɗan ne, za a ɗauke ni."

Na ce, "Bakina ne kake tsoro?"

Ya ce, "Duk unguwa shi take tsoro."

Na yi masa alkawari.

Kullum shi ke riga kowa zuwa, ya kama teburin da ke kallon ƙofar manajoji, don a gan shi. Da safe suna da wata al'ada, a tsaya a yi da'ira, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da abin da zai yi yau. In layi ya zo kansa sai ya gyara murya ya ce yana ƙara ilimi. Gobe ma yana ƙara ilimi. Mutumin da banki guda ya dogara da shi, ga shi tsaye cikin yara yana neman abin faɗa. Ya gwada wasan ƙwallon nan sau ɗaya, yaran suka ce, "Kawu, a hankali, kada ka ɓalla mana tebur." Ya yi dariya tare da su. Da yamma ya latsa kore ya fita.

Ana haka sai labari ya zo cewa bankin nan ya dawo da sabon aiki, kuma babban manaja da kansa zai haɗa mutanen da za a tura. Ranar na ga haƙoran Ɗan Aro. Ya ce, "Gwaggo, wannan nawa ne. Babu wayar da ban san inda ta bi ba a ginin bankin nan."

Ranar da mutanen bankin za su zo ya sa rigarsa mafi kyau, ya tsaya a baranda kusa da ɗakin taro. Ina tura keken shayi sai ga manaja ya fito da sauri. Yana ganinsa ya buɗe hannu biyu.

"A'a, har kun iso? Sannu da zuwa! Na gane fuskarka, a bankin na gan ka. Iya, kawo wa baƙonmu shayi, a kofin baƙi."

Ɗan Aro ya dube ni, na dube shi. Sannan ya ce a hankali, "Ai ni naka ne. Ma'aikacinka ne ni, ina kan benci."

Manaja ya yi wata dariya mai ƙarfi, ya dafa kafaɗarsa. "Wasa nake yi! Wa bai san ka ba?" Amma bai kira sunansa ba, alhali a kamfanin nan, suna ne abin da ya fi araha. Wata yarinya ta toshe baki ta ruga banɗaki. Ni kuwa na riga na zuba shayin a farin kofin nan mai bakin zinare. Na miƙa masa, ya karɓa, ya shanye a tsaye.

Tun a lokacin na san aikin ya wuce shi. Na daɗe a duniya, na san babban mutum yana iya yafe wa wanda ya zage shi, amma ba ya son sake haɗa ido da wanda ya ji kunya a gabansa. Daga ranar in manaja ya hango shi sai ya kara waya a kunne. Aka haɗa masu zuwa banki, yara ne sababbi. Kafin su tafi aka ce Ɗan Aro ya zauna da su ya koya musu duk abin da ya sani. Ya koya musu tsakani da Allah, har da wanda za su gaisar a ƙofa da wanda ba ya son a kira shi kafin ya ci abinci.

Ba a jima ba mai kula da ma'aikata ta kira shi, wata mai murmushi kamar an ɗinka mata shi a fuska. Ta gilashi nake hango su. Ta tura masa kwalin goge hawaye tun kafin ta buɗe baki. Daga baya ya gaya mini abin da ta ce: aikinsa ba shi da aibu, sai dai ba a ganinsa sosai a cikin dangi.

Na ce, "Su wa suka kai ka inda ba a ganinka?"

Ya ce, "Gwaggo, bari."

Ranar da aka sallame shi suka yanka masa kek, suka tafa. Na tsaya a bakin kicin da tire a hannu, maganganu cike da bakina. Ya girgiza mini kai daga nesa, na haɗiye. Da zai fita na ga ya tsaya gaban maɓallan nan, ya ɗaga hannu, ya daɗe, sannan ya sauke bai taɓa ko ɗaya ba.

Na raka shi gida. Matarsa tana tsefe wa yarinya kai a falo. Ya tsaya yana murza makullin hannunsa. Ta dube shi ta ce, "Baban yarinya, zauna. Tun da wayarka ta daina kuka a kan abinci na sani. Jira nake ka faɗa da bakinka." Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ya rufe fuska. Yarinyar ta cire matajin daga kanta ta fara taje masa gashi.

Na ce gobe ba zan koma wannan benen ba. Ya ɗago ya ce, "Ki koma, Gwaggo. Mutum ɗaya ya rasa aiki, ya isa."

Na koma. Yanzu yana gyaran kwamfutoci a wani ɗan shago kusa da tashar mota, har yau shi ke riga kowa buɗewa a layinsu. Dariyarsa ce dai ba ta dawo daidai ba, ni kuma na daina kiransa Ɗan Aro. Ɗakin benci akwai wata mata a ciki yanzu, ta dawo daga aiki a wani asibiti bayan shekaru, kullum tana kama teburin da ke kallon ƙofar manajoji. Ita nake fara kai wa shayi, kuma in na ajiye sai na kira sunanta da ƙarfi, yadda za a ji har cikin gilashi.