Ranar da Akwatin Rigakafi Ya Yi Ɗumi

Da na sa hannu cikin akwatin rigakafi ranar Talatar nan, ɗumi na ji maimakon sanyi. Ƙanƙarar duk ta narke. A waje mata sun cika inuwar darbejiya da goyonsu, wasu tun daga bayan Zandam suka tako. Ni ma'aikaciyar wucin gadi ce a ƙaramin asibitin, aikina in auna jarirai, in kira iyaye su shiga layi. Amma ko ni na san allurar ƙyanda in ta sha zafi ta tashi aiki.

Na sami ogan asibitin na ce, "Yallaɓai, firjin bai kwana da wuta ba."

Bai ko ɗago ba. "Ke likita ce? Je ki kira su."

Alhali kowa ya san batirin solar da ke ba firjin wuta yana gidansa tun bikin ƙanensa.

Ina tsaye bakin ƙofa, sai kakata Inna Delu ta faɗo min a rai. A hannunta na tashi a Kangire. Lokacin kaka, in an sauke tuwo, ba ta barin garwashi ya mutu. Sai ta binne mana gyaɗa a toka, mu kewaye murhu ni da 'ya'yan kawuna. "Ga ta nan, ga ta nan ku," in ji ta, "wanda ya yi gyangyaɗi gyaɗarsa tawa ce."

Wai sarkin dawa ne ya naɗa kwaɗo gadin tafkin da kowa ke sha. Kura, wakiliyar sarki, ta ɓoye mushe a ruwan don kada a raba da ita, ruwa ya ɓaci. Ta ce wa kwaɗo ya kama bakinsa. Da barewa ta kawo 'ya'yanta shan ruwa, sai kwaɗo ya yi ta kuka har suka juya. Kura ta zo ta taka shi, shi ya sa har yau yake tsugune, idanu waje.

Na ce, "Inna, an ba shi lada?"

"Lada? Ciwon baya dai."

"Wallahi ba a kyauta ba! To me ya sa ya yi kukan?"

"Don shi aka sa gadi, ƙawata. Miƙo min gyaɗar nan, alƙaliya."

Shekaru na yi ina jin haushin tatsuniyar nan. Sai yanzu na gane Inna ba ta so ta yi mana alkawarin ƙarya ne. Abin da ba ta faɗa ba shi ne, muryar mai gadi ma rawa take yi.

Da irin muryar nan na ce, "Iyaye, ku yi haƙuri ku koma gida. Allurar yau ta lalace."

"Tun safe muna nan, sai yanzu?" in ji wata. Amma suka gyara goyo suka watse.

Oga ya nuna ni da yatsa. "Ke kika bar firjin a buɗe. Kayan gwamnati ne. Sai kin kwana a hannun 'yan sanda."

Ni! Ni da ko makullin ɗakin ba a taɓa ba ni ba.

Na gudu gidan gwaggona a Birnin Kudu. Babur in ya tsaya ƙofar gida sai in ɓuya a ɗaki. Mahaifiyata ta kira ni tana kuka, "Wa ya aike ki?"

Ranar Juma'a bayan la'asar wata Hajiya daga sashen lafiya na ƙaramar hukuma ta yi sallama. Ashe matan sun kai magana gun mai gari, an je gidan oga an ga batirin.

"Kwantar da hankalinki, 'yata," in ji ta. "Ba wanda zai taɓa ki. Litinin ki dawo aiki."

"Shi fa, Hajiya?"

Ta gyara mayafi. "An mayar da shi wani asibitin."

Na ce na gode, don haka aka koya min. Amma can ma akwai firji, can ma mata suna goyo.