Finjalin Khaibar da Tsohuwar Saktun Ɗina

Mun tashi daga unguwarmu ta Ranuna a Madina ana idar da sallar asuba, ranar Alhamis, motoci uku a jere. Ɗaurin auren ɗan ƙanwata za mu a wani ƙauye da ke bayan Khaibar. Mahaifinsa ya rasu tun yana firamare, don haka ni ne kawu, ni ne uba, ni ne kuma wanda za a kalla idan abu ya lalace. Yaron malamin makaranta ne, can aka tura shi aiki, can ya ga 'yar wani manomin dabino, kuma can zai zauna da ita.

Mako guda kafin tafiyar ya same ni a warshata, wato shagona na kafinta da ke bayan titin Sultana, ya tsaya yana murza hannu. Ya ce mutanen ƙauyen suna da al'ada. Idan dangin ango suka iso, ana ɗora farin finjali, ɗan kofin nan na gahawa, a kan dutse daga nesa, kuma ba za a zuba wa baƙi gahawa ba sai ɗayansu ya fasa shi da harsashi. Harbi bakwai ake ba su. In sun kasa, wani daga dangin amarya ya fito ya fasa musu, a sha gahawa, a ɗaura aure lafiya lau. Sai dai maganar ba ta mutuwa. Akwai wanda ya yi aure can tun 'ya'yansa ba su zo duniya ba, yau sun girma, amma in ya shiga majalisa sai an tambaye shi ko danginsa sun koyi harbi. Duk wannan bayani da Larabci ya yi min shi. Haka yake tun yana ƙarami, ka yi masa Hausa ya ji sarai, ya mayar maka da Larabci. Abin yana ci min rai, na dai gaji na daina faɗa.

To mu kuwa dangi ne na teloli da direbobi da ma'aikatan ofis. An ce kakanmu da ya zo da ƙafa daga ƙasar Katsina maharbi ne, amma abin da muka gada a wurinsa tasbaha ce da buta. Bindiga biyu ce kaf a ayarin. Ɗaya ta aminina ce mai kantin kayan wuta, sabuwa dal ƙirar Turai, mai ɗura kanta da kanta, da darbil ɗaure a samanta, wato madubin da ke jawo nesa kusa. Har akwatinta daban, mai soso a ciki. Ɗayar tawa ce, tsohuwar saktun mai ƙaramin harsashi, irin mai sakata, wadda sai ka ja da hannu bayan kowane harbi ta tofar da kwanso sannan ka tura sabo. Kuɗin tasa zai sayi irin tawa goma har a samu canjin mai.

Na hannu na saye ta, kuma a watannin farko na yi nadama. Yau ta buga dama, gobe hagu, kamar mai aljanu. Ranar da na kwance ta a kan teburin aiki sai idon kafinta ya ga abin da idon maharbi bai gani ba: katakon ya ɗan murɗe yana danne bututun ta gefe guda, kuma dannawar tana ƙaruwa ko raguwa da yanayin gari. Na sa magogi na rarake cikin katakon a hankali, har takarda ta riƙa wucewa tsakaninsa da ƙarfen ba ta maƙale ba. Tun daga ranar ta natsu. Shekara biyu ke nan kusan kowace Alhamis nakan fita bayan iyakar Harami, tunda ba a farauta a cikinsa, in jera gwangwanaye in yi ta harbi da harsashi iri ɗaya tak. A cikin tsohon bargo na naɗo ta. Da aminin nawa ya ga ina sa ta a mota sai ya ce, “Ya shaikh, wannan sandar fa? Khalas, bar ta a gida ta riƙa korar maguna.”

Muka zagaye gari, muka bar Uhudu a hannun dama, muka ɗauki hanyar Tabuka. A wurin taftish, shingen binciken motoci, muka nuna takardun bindigogin, askarin ya duba ya yi wa ango barka. Hanyar shimfiɗe take, manyan tireloli ne kawai ke wahalar da mutum. A Sulsula muka tsaya karin kumallo, dafaffen waken ful da gurasar tamis da shayi mai ganyen habak. Tamis ɗin bai kai rabin na Madina girma ba, kuɗin kuwa ɗaya, ga mai gidan abincin yana rantsuwa da Allah cewa garin alkamarsa ya fi na kowa. Dattijon da ke cikinmu ya cinye uku yana mita.

Gaba kaɗan baƙaƙen duwatsun harra suka fara, ko'ina ka duba ƙonannen dutse ne ba ciyawa ba inuwa. Nan muka ratse don gwaji. Aka ɗora gwangwanin tumatir a taku ɗari. Aminina ya kwanta ya saki biyar a jere, duka biyar suka shiga. Ni kaina na yi tafi, don gaskiya bindigar ta burge ni, ango kuma ya yi wata ajiyar zuciya da na ji ta daga inda nake tsaye. Na harba ɗaya da tawa, gwangwanin ya tuntsura, aka ce sa'a ce. Ban yi musu ba, na goge ta da busasshen tsumma na mayar cikin bargo.

Shi kuwa don ƙaunar da yake wa tasa, sai ya karɓi man keken ɗinki a wurin telan da ke tare da mu, ya ɗiga mata ta ko'ina har tana sheƙi. Na ce masa ya rage, ƙasar nan ba ta son mai. Ya ce wanda ya saba da keke bai san hidimar marsandi ba.

Khaibar ta fito mana kwatsam. Kana cikin baƙin dutse sai ka ga kwari ya buɗe, dabino kore shar a ƙasa, tsofaffin gidajen laka da aka ƙaurace musu suna manne a kan tudu. An gama yankan dabino, ana sayar da shi a bakin hanya cikin kwali da araha ƙwarai, amma sauron wurin da rana tsaka ma bai san kunya ba. Daga nan kwalta ta ƙare. Surukan sun aiko da motocin wanet biyu masu buɗaɗɗen baya, muka bar motocinmu muka hau tare da buhunan shinkafa da sukari da muka kawo. Aminina ya ce akwati ɓata wuri ne, ya fito da bindigar ya riƙe ta a tsaye a bayan wanet. Na san dalili, so yake mutanen ƙauye su hango ta tun daga nesa. Kusan rabin sa'a muna tsalle a kan duwatsu, ƙurar motar gaba tana rufe mu, sau biyu ina jin darbil ɗin ya daki ƙarfen gefen mota.

Bayan la'asar aka fito da mu fili. Mutanen kirki ne, sun tarbe mu da runguma da sumbatar hanci, an shimfiɗa darduma, ga tulun gahawa a kan garwashi yana ƙamshin 'ya'yan hel da ake dafa shi da su, amma babu wanda ya taɓa shi. Mahaifin amarya, dogon tsoho mai jan gemu, ya taka da kansa ya ɗora finjalin a kan wani baƙin dutse. Na ƙirga takunsa yana dawowa, ɗari da ashirin. Daga inda muke finjalin bai fi ƙwayar shinkafa ba.

Aminina ya kwanta da kwarjini. Harbin farko ya tashi ƙura can sama ta dama, kusan kamu biyu daga dutsen. Na biyu ma can, na uku ya gyara ya wuce ta ƙasa. Darbil ɗin ya goce a hanya. Da ya danna kunama karo na huɗu sai shiru. Mai da ƙura sun haɗu sun zama kunu a cikinta, kwanso ya maƙale, ya ja ya buga ya hura, ko motsi. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Na ga wani ƙanin amarya ya fara shafa tasa bindigar a kan cinya. Na juya na ga ango ya sunkuyar da kai, gumi ya jiƙa masa wuyan sabuwar riga. Wallahi a lokacin mahaifinsa na tuna, zuciyata ta yi nauyi.

Na kwance bargona. A nan kam an ɗan murmusa, wani ya ce irin wannan ce kakansa ke harbin zomo da ita. Na durƙusa da ƙyar don gwiwoyina sun daɗe da fara yi min gardama, na gyara tabarau, na ɗora katakon a kan hular da na ninke bisa dutse. Iska na tahowa daga hagu, ban san ƙarfinta a can tsakiyar fili ba. Na yi bisimilla, na saita a tsakiyar farin ɗigon, na matsa a hankali. Harsashin ya tsattsage dutsen yatsa uku ta dama da finjalin. Jama'a suka ce kash, ni kuwa daɗi na ji, don na san ba ta yi min ƙarya ba. Abin da iska ta ci ke nan, kuma na biyu zai bi sawun na farko daidai. Na ja sakata, kwanso ya yi tsalle, na tura wani. Na matsar da saitin yatsa uku ta hagu.

Finjalin ya tarwatse, farin gari ya tashi a kan baƙin dutse. Filin ya kaure da kabbara, mata suka saki guɗa daga bayan tanti, dattijonmu mai cin tamis ya jefar da sandarsa yana rawa. Aminina, Allah ya saka masa, shi ya fara ɗaga ni sama, yana ihu wai shi ya koya min harbi. Mahaifin amarya ya zuba gahawa da hannunsa ya miƙo min kofin farko. Ya karɓi saktun ɗin ya juya ta, ya leƙa inda na rarake, ya tambaye ni ko zan musanya ta da raƙuma. Na ce masa in ya haɗa da gonar dabinon zan yi shawara.

Ana cikin hayaniyar ne ango ya ratso mutane ya kama kaina ya sumbata. Na jira “ya khali” ɗin da na saba ji, wato kawu da Larabci. Sai ya ce, da wata Hausa mai tuntuɓe, “Kawu, ka fid da ni kunya. Allah ya ji ƙan Baba.” Na ɓoye fuskata a cikin kofin gahawar da babu komai a cikinsa.

An ɗaura aure, an ci tumaki a kan shinkafa har muka kasa tashi. Washegari bayan Juma'a muka kamo hanya da kwalayen dabino da aka cika mana mota da su, muka shigo Madina ana kiran magariba. Ƙanwata na bakin ƙofa tana jira, tun kafin in fito ta ga fuskata ta fara kukan murna.

Abin da na ƙaru da shi a tafiyar nan bai da yawa, amma na riƙe shi. Bindigar aminina ta fi tawa kyau da ƙarfi, kuma ya kai ta an wanke ta dawo daidai. Tawa dai na san halinta, in ta kuskure nakan san da nawa ta kuskure, kuma ƙura ba ta hana sakata tafiya. Yanzu yana zuwa tare da ni ranar Alhamis, da busasshen tsumma a aljihu. Ɓaraguzan finjalin kuwa mahaifin amarya ya tsince su ya ƙulla min a hankici, suna nan a warsha cikin gwangwanin ƙusoshi. Jiya ango ya bugo waya daga Khaibar, na ce masa yaya gida, ya ce, “Lafiya lau, Kawu.”