Igiyar da Na Tilasta wa Tsohon Mai Hawan Dabino

Akwai wata safiya a wata gonar dabino da ke bayan unguwar Ƙurban a Madina wadda ba za ta fita daga raina ba har a kai ni kushewa. A lokacin ina aiki da wani kamfani mai kula da gonakin dabino na Madina, kuma a hannuna littafin itatuwa yake. Kowace bishiya da lambarta da lafiyarta, kuma ba a sare ko ɗaya sai da sa hannuna. Ina alfahari da cewa ban taɓa sa hannu a kan abin da ya saɓa wa ƙa'ida ba.

A gefen gonar akwai wani tsohon dabino da ya zarce bene mai hawa huɗu. Ƙwaro ya cinye cikinsa, ya karkata a kan ɗakin da iyalin maƙwabci suke kwana. Ba a iya kayar da shi daga gindi, domin zai rufta gidan, kuma motar ɗaga kaya ba ta shiga lungun. Abin da ya rage shi ne hanyar mutanen da: mutum ya hau har ƙoli, ya sare kan, sannan ya riƙa datse gangar gunduwa-gunduwa yana saukowa.

Mutum ɗaya aka samu da zai iya, wani dattijo haifaffen Madina wanda kakansa ya zo hajji a ƙasa daga Damagaram. Ya zo tare da abokinsa, wani dattijon mai ƙiba da ya daɗe da barin hawa, wanda zai riƙe igiyar ja daga ƙasa. Da na ga abin da zai ɗaura a ƙugu ya hau da shi, sai raina ya ɓaci. Wata igiya ce da aka tufka da zaren jikin dabino, ta yi baƙi, gashi duk ya tashi a jikinta.

"Baba, ba za ka hau da wannan ba," na ce. Na ɗauko sabuwar igiyar roba mai ƙugiyar ƙarfe, wadda takardarta ta nuna tana ɗaukar nauyin raƙumi.

Ya shafa ta, ya yi murmushi. "Ya dakta, ai ba raƙumi zai hau ba. Ku Kanawa, ko nonon uwa aka ba ku sai kun nemi takardarsa."

"Ƙa'ida ce. In ba da ita ba, ba zan sa hannu ba."

Abokin ya fara faɗa, rabi da Hausa rabi da Larabci, amma dattijon ya ɗaga masa hannu. Ya dubi ɗakin maƙwabcin, ya dubi yadda iska ke kaɗa rassa, ya ce, "Halas, shi ke nan. Yara ba za su ƙara kwana a ƙarƙashin wannan ba. Kawo." Yau na gane cewa ba hujjata ce ta rinjaye shi ba. Tausayin mutanen gidan ne, da kunyar musa wa mai digiri a gaban jama'a.

Ya yi bisimilla, ya zagaya igiyar da gangar da bayansa, ya kafa ƙafafu babu takalmi. Yakan cilla igiyar sama, ya jingina da ita, ya taka, ya ƙwanƙwasa gangar da ƙeyar gatari don ya ji inda ta ruɓe. Bai kai rabi ba na lura da wani abu. Duk sa'ad da ya jingina, igiyar takan zame ƙasa kamar faɗin yatsa biyu kafin ta tsaya. Ta zare tana cizon jikin dabino, ta roba kuwa santsi gare ta. Abokin ma ya gani. Ya matso ya ce da ni a hankali, "A wurinmu ba a kiran wanda ke sama, kada ya waiwayo. Amma kai ne mai littafi. In ka ce ya sauko, zan buga masa ƙarfe, ya san ma'anarsa."

Na yi shiru. Na kasa furta cewa na yi kuskure. Wannan shirun ya fi tilasta igiyar muni, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa.

Ya isa ƙoli, ya sassare rassan da lauje, ya ɗaura wa kan doguwar igiyar ja. Ya sari gangar ta gefen gona, sannan ya koma ta baya. Abokin da ma'aikata biyu suka ja. Kan ya yi ƙara, ya rabu, ya faɗo cikin gona har ƙasa ta girgiza. Abin da ban taɓa karantawa a littafi ba shi ne, gangar da aka raba da nauyinta takan zabura baya, ta dawo, ta sake komawa kamar bulala. A zabura ta biyu igiyar robar ta saki. Muna kallo dattijon ya sulalo kamar tsawon mutum biyu, yana rungume da gangar, ƙirjinsa da tafukansa suna gurzar kaifin gindin rassa, kafin cinyoyinsa su maƙe gangar.

Matar maƙwabcin ta fasa salati daga kan soro. Jini ya fara ɗiga a kan ganyen da ke ƙasa. Abokin ya rugo gindin dabinon. Ya ɗauki tsohuwar igiyar, ya ƙulla ta a siririn zaren da ke reto daga ƙugun dattijon, wanda ake aika masa kayan aiki da shi. Dattijon ya jawo ta da hannu ɗaya da haƙora. Sauya igiyar a can sama, da tafukan da fatarsu ta saɓule, bai fi 'yan mintuna ba, amma ban taɓa ganin lokaci mai tsawonsa ba. Ni dai ina ta maimaita hasbunallahu.

Da ya taka ƙasa, na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya dubi hannayensa, ya ce, "An cire kan, yara sun tsira, alhamdu lillahi. Amma Bakano, gobe in ka ga tsohon abu a hannun tsoho, ka tambaye shi dalili tukuna."

Wani aka nemo ya ƙarasa datse gangar. Tafukan dattijon sun warke, sai dai yatsu biyu na hannun damansa ba su ƙara lanƙwasuwa ba, kuma wannan ne hawansa na ƙarshe. Na kai rahoto da hannuna cewa laifina ne, aka yi mini gargaɗi, shi ke nan. Hukuncin bai kai girman ɓarnar ba, kuma har yau wannan yana ci mini rai.

Abin da na koya shi ne, ƙa'idar da mutum bai san dalilinta ba takan iya zama makami a hannunsa. Kuma wanda ya hango kuskurensa tun ana iya gyarawa, ya yi shiru don kare girmansa, jikin wani ne zai ɗauki raunin.