Shekara Bakwai da Namadi Ya Bayar

"Wai Namadi na Fakku ya komo."

"Wane Namadi? Wanda munka raka kwanan nan?"

"Shi fa. Har da rawani."

"To gonar fa?"

Hirar da ake yi ke nan a tashar Tambuwal, farkon damina, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai.

Namadi manomi ne, bai taɓa wuce Dogon Daji ba. Abin da ya sani game da Makka daga bakin mahaifinsa ya ji, wanda ya tafi a ƙasa, ya yi ƙwadago a gonakin audugar Sudan, ya komo da furfura. A gidansu, mai niyyar hajji yakan damƙa gonarsa ga ɗan'uwa a gaban shaidu, ya yanka shekaru. Namadi ya yi yadda ya gada. Ya tara dattawa, ya ce gonarsa, fadama da tudu, ta ƙanensa Sama'ilu ce har shekara bakwai.

Wakilin alhazai ya faɗa masa cewa daga Kano zuwa Jidda mil dubu biyu ne da ɗoriya, jirgi kuma yini guda yake yi. Namadi ya ɗauka daɗin bakin 'yan birni ne. Motar da ta kai su Kano ma sai da ta kwana a hanya, ina ga Makka?

Sun tashi bayan asuba. Bai gama jin tsoro ba aka ce su sauka. Ya tambayi na kusa da shi ko mai ya ƙare ne, aka ce masa Jidda ke nan. Tun a nan ya tuna da shekara bakwai ɗin da ya bayar.

Da ya iso Fakku, ya tarar Sama'ilu ya riga ya shuka fadamar shinkafa, har ta tsiro. Namadi ya tsaya bakin gona yana zagin jirgi, da wakili, da dattawan da suka zauna kamar duwatsu ba wanda ya ja kunnensa. Sama'ilu bai ko ɗago daga fartanya ba.

"Alhaji, ni na ce ka yi sauri? Bakwai ka ce, bakwai nika jira."

Dattawa suka ce magana ce aka yi gaban shaidu. Ɗayansu ma ya ƙara da cewa bai dace sabon alhaji ya buɗe baki da rigima ba. Wannan ta fi ƙona Namadi. Rumbunsa ya kusa ƙarewa, yana da baki tara a gida, ga ruwa yana zuba kan gonar kowa ban da tasa.

Ya yi mako bai gaisa da kowa ba. Ran Asabar da safe ya cire rawanin, ya saɓa fartanya, ya nufi fadama.

"Sama'ilu, ci shekarunka. Amma tudun can na gabas da ba ka taɓa ba, ka bar mini shi in jefa gero kafin ruwan ga ya wuce."