Gajerun Gulbi Sun Kai Ni Tsibiri da Jiratawa

Ƙarfe shida saura kwata na fito daga gidana da ke unguwar Zariya a Maraɗi, ranar Laraba, raina a ɓace. Ni tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake kira na Mushe kamar yadda ake kiran malamai a nan, kuma duk Juma'a ina karanta labari a wani gidan rediyo kan wasu ƙananan aljanu da na ƙirƙira, Gajerun Gulbi. A mako na uku na ce ko warin gishiri suka ji sai su ranta a na kare. A mako na tara na manta, na sa sarkinsu ya cinye akushin kwaɗon zogale da gishiri har yana lasar yatsa. Bayan mako biyu wata mata ta bugo waya daga Jiratawa ta tona ni, duniya na ji. Daraktan gidan ya ce in gyara kafin Juma'a, in ba haka ba ya ba masu tallan taki filina.

Tsibiri

Na tare kabu-kabu. Direban ya dube ni ya ce, "Mushe, ba kai ne mai aljanun da ba su san abin da suke so ba?" Na ce ya duba gabansa. A shingen fita gari jandarma ya ɗaga mana hannu muka wuce, shida da rabi muna Tsibiri.

Gwaggona Tani na je gani, don a danginmu ba wanda ya kai ta sanin labarin mutanen ɓoye. Na tarar tana suyar waina. Sai da na ci biyar kafin ta bari na yi magana. Na ce ta gaya mini gaskiya, aljanu na cin gishiri ko ba sa ci?

"Waɗanne? Na Allah ko naka?"

"Nawa."

"To mi ya kawo ka wurina? Kai ka haihe su, ni za ni gaya maka halinsu? Tahi wurin wadda ta kama ka. Ta hi ka sauraron bakinka."

Na ji haushi ƙwarai, ga shi ba a musu da gwaggo. Na ƙara waina biyu na tashi.

Jiratawa

Ƙarfe tara na dawo Maraɗi, na shiga wata tsohuwar mota mai zuwa kudu, ni da buhunan taki uku da akuya. Goma saura muka isa. Ban sha wahalar tambaya ba, yara da manya duk sun san wadda ta kunyata Mushe a rediyo. Inna Saude ce, shugabar mata masu tsinkar zogale. Na iske su su bakwai a lambu, rediyo rataye a reshe.

Na shirya jawabin kare kaina tun a mota, amma ko sallama ban gama ba ta ce, "Zamna, mun riga mun gama maka aikin."

Ashe mako biyu suna gardama a kan lamarin. Ga abin da suka yanke: Gajerun kashi biyu ne. Na tudu, masu kwana a kogon gawo, su ne ba sa shiri da gishiri. Na bakin ruwa kuwa sun saba da shi, tunda suna ɗanɗanar tukunyar masu lambu. Wata ta tuna mini cewa sarkin da ya ci kwaɗon a bakin rijiya na ajiye shi, waɗanda suka gudu kuma a gona. Ni kaina ban tuna ba. Wata ta ƙara da cewa taubasai ne, shi ya sa na ruwa ke tsokanar na tudu da ƙullin gishiri.

Na ce, "To in kun warware, me ya sa kika buga waya?"

"Don mu ji ko ka sani. Ashe ba ka sani ba."

Suka kwashe da dariya. Kunya ta rufe ni, amma daɗin da na ji ya fi kunyar, don ban taɓa zaton akwai masu riƙe maganata haka ba. Na fiddo littafi na rubuta duk abin da suka faɗa, suna gyara mini. Aka kawo kwaɗo, gishirinsa zau, na cinye tas.

Gida

Ƙarfe biyu da rabi na sauka ƙofar gida lafiya, na gode wa Allah. Ranar Juma'a na karanta labarin taubasan Gajeru. Darakta ya ce filin nawa ne, ya tambaye ni ko tun farko na shirya haka. Na so in ce e, amma na san akwai kunnuwan mata bakwai a lambu. Na buɗe murya a rediyon na gode wa gwaggona da matan Jiratawa, na faɗi cewa su suka yi aikin.

Ban rufe baki ba waya ta yi ƙara. Inna Saude ce.

"Mushe, mun ji godiya. Amma a mako na biyar ka ce tsawonsu kamu ɗaya, yau ka sa ɗaya ya hau jaki ba a ɗaga shi ba. Laraba muna lambu."